Yadda Ake Ƙera Kogon Sheƙa Domin Baƙin Kokatu Na Ostireliya

Baƙin kokatu babban tsuntsu ne daga dangin aku, mai tukku a ka da baki mai ƙarfin fasa 'ya'yan itace masu tauri. Ba ya saƙa sheƙa a kan reshe, ba ya kuma iya fafe wa kansa rami. Sai dai ya nemi kogon da ya riga ya samu a jikin tsohuwar bishiyar turare, inda gara da ruɓa suka cinye zuciyar itacen a hankali, sannan iska ko gobara ta karya wani babban reshe ƙofa ta buɗe. Kafin kogo ya yi faɗin da zai ɗauki tsuntsu mai tsawon fiye da rabin mita, bishiyar ta haura shekara 120, sau da yawa ma sai ta kai 200. Irin waɗannan bishiyoyi ne aka sare da yawa a kudu maso yammacin Ostireliya lokacin da aka buɗe gonakin alkama da makiyayar tumaki. Waɗanda suka tsira suna ta faɗuwa saboda tsufa da gobara, kuma dashen da aka yi yau ba zai ba da kogo ba sai bayan jikokinmu. Wannan giɓin ne kogon da aka ƙera da hannu yake cikewa.

Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga nau'in Carnaby, wanda yake da farin tabo a kunci da fararen gashi a wutsiya, domin a kansa aka fi gwada wannan aiki. Dokar kare muhalli ta tarayya ta 1999 ta sa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa. A Coomallo Creek, arewa da birnin Perth, masanin tsuntsaye Denis Saunders ya fara bibiyar hayayyafarsa tun 1969. Daga 2011 aka shiga kafa kogunan roba a wurin tare da gyara tsofaffin na itace, kuma yawan matan da ke kwanci ya ƙaru sosai. Da aka auna 'ya'yan da suka tashi a kogon roba, lafiyarsu da yawan waɗanda suka rayu ba su gaza na kogon itace ba.

Sauran 'yan uwansa biyu na wannan yanki, wato nau'in Baudin da mai jar wutsiya na dajin bishiyoyin turare irin jarrah da marri, ba su cika karɓar kogon roba ba. Wanda yake son taimakonsu, tsare tsofaffin bishiyoyi shi ne aikinsa na farko.

Kafin a sayi komai

Kogon da aka rataya a inda tsuntsayen ba sa hayayyafa asarar kuɗi ne. Carnaby yana komawa yankin da ya saba kwanci shekara bayan shekara, mace da namiji kuma suna zama tare muddin rai. Ganin garkensu na cin abinci a unguwannin Perth tsakanin Janairu da Yuni ba ya nufin a nan suke kwanci. Yawancinsu suna komawa cikin ƙasa ne, dazuzzukan wandoo da salmon gum, idan lokacin sanyi da ruwa ya shigo. Don haka abin tambaya na farko shi ne ko an taɓa tabbatar da kwanci a wurin ko kusa da shi. Hukumar kula da namun daji ta jihar Yammacin Ostireliya, DBCA, da ƙungiyar BirdLife Australia suna riƙe da irin waɗannan bayanai, kuma su ya kamata a fara tuntuɓa.

Na biyu abinci ne da ruwa. Muddin mace na kwanci, namiji ne yake ciyar da ita, bayan ƙyanƙyasa kuma su biyun suna kai-komo har mako goma ko sha ɗaya. Abincinsu 'ya'yan itatuwan yankin ne irin su banksia da hakea da grevillea da marri, suna kuma cin na itacen fain da na shukar mai ta kanola inda suka samu. Idan abincin ya yi nisa fiye da kilomita 6 zuwa 12 daga sheƙa, iyayen suna ƙarar da yini a hanya, ɗan ya tashi a rame ko ya mutu a kogo. Wanda ya fi kyau shi ne a sami ciyayin abinci cikin kilomita ɗaya ko biyu, da wurin shan ruwa da ba ya ƙafewa a Nuwamba da Disamba. Inda abinci ya yi ƙaranci, dasa banksia da hakea ya fi gaggawa a kan rataya bututu.

A kuma zagaya a duba kogunan itacen da ke wurin. Da yawa ba su mutu ba, lalacewa suka yi: ƙasan kogon ya rufta ya yi zurfin da tsuntsu ba zai iya sauka ba, ko gefe ya tsage ruwa da iska na shiga. Irin wannan ana toshe tsagar da fallen ƙarfe, a cika zurfin da sassaƙen itace har ƙasan ya dawo kamar mita ɗaya daga ƙofa. Gyaran ya fi araha, kuma tsuntsun ya riga ya san wurin.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili: kogon roba ba hujjar sare tsohuwar bishiya ba ne. Bishiyar tana ba da inuwa da abinci da wurin kwana, tana kuma ci gaba da samar da sababbin koguna. Bututu ba ya yin ko ɗaya daga ciki.

Gangar jikin kogon

Abin da aka fi amfani da shi shi ne baƙin bututun roba mai kauri, irin wanda ake binnewa a ƙarƙashin hanya domin ruwa ya wuce, ko wanda kamfanonin haƙar ma'adinai suka gama aiki da shi. Idan tsohon bututu ne, a tabbatar da abin da ya taɓa bi ta cikinsa, a wanke shi tas. Wanda ya ɗauki sinadari ko mai a bar shi. Ƙungiyar Landcare SJ da ke yankin Serpentine-Jarrahdale tana ƙera irin wannan kogo da sunan Cockatube, ga wanda ba ya son ya haɗa da kansa.

Faɗin ciki kada ya gaza santimita 37 da rabi, 40 ya fi. Tsawo kuma mita 1.2, yadda bayan an zuba sassaƙe a ƙasa za a sami zurfin kamar mita ɗaya daga baki. Kogunan da aka fara gwadawa da ƙaramin faɗi, kamar santimita 30, sun nuna matsalarsu: uwa ba ta samun wurin juyawa, gashin wutsiyarta na lalacewa, kuma idan aka yi sa'a 'ya'ya biyu suka rayu babu inda za su zauna. Zurfin kuwa shi ke ɓoye ƙwai daga idon hankaka da shaho, shi ke kuma hana ɗan tsuntsun leƙowa ya faɗo kafin fikafikansa su yi ƙwari.

Sama a bar shi a buɗe, babu murfi. Wannan yakan ba sababbin shiga mamaki, amma a daji Carnaby ya fi son kogon da ya buɗe ta sama kamar bakin randa, kuma buɗaɗɗen baki mai faɗi ba ya burge ƙudan zuma, waɗanda suka fi son wuri rufaffe mai ƙaramar ƙofa. A goge bakin da aka yanka da fayil har ya daina kaifi.

Kaurin bangon yana da muhimmanci saboda zafi. Siririn bututu a rana yana ɗaukar zafi nan da nan, ya kuma huce nan da nan da dare. Mai kauri, ko mai bango biyu da iska a tsakani, ya fi kusa da yanayin kogon itace. Ganga ta ƙarfe ba ta dace ba sam.

Ƙasan kogo da abin da ake zubawa

Tunda sama a buɗe yake kuma kwancin yana farawa ne a lokacin ruwa, duk ruwan da ya shiga dole ya sami hanyar fita. A yanka faifan roba mai tauri ko na ƙarfe daidai da faɗin bututun, a ɗaure shi da kusoshi masu noti ta gefe, yadda nauyin sassaƙe mai jiƙa da na tsuntsaye ba zai ture shi ba. A huda ramuka shida zuwa takwas masu faɗin milimita 10 zuwa 12, a warwatsa su, wasu a tsakiya wasu a gefe. Idan kogon zai ɗan karkata, a tabbatar akwai rami a gefen da ya fi ƙasa, domin a nan ruwa ke taruwa. Katako ba ya yin ƙasa mai ɗorewa. Yana ruɓewa, tsuntsun kuma yana gaigayarsa har ya huje, wata rana ƙwai ko ɗa ya faɗo ta ƙasa.

A kan faifan ake zuba sassaƙen itace mai tauri, kaurin santimita 20. A bututu mai faɗin santimita 40 wannan ya kama kamar lita 25. Manyan gutsattsari ake so, kamar girman ɗan yatsa, waɗanda ruwa zai bi ta tsakaninsu ya wuce. Garin katako da ƙasa da ciyawa duk suna riƙe ruwa, su dunƙule su toshe ramukan. Ƙwan da ya kwana a kan jiƙaƙƙen gari yana yin sanyi ya mutu, sabon ƙyanƙyasa kuma da ɗan gashinsa rawaya mai laushi ba ya jure jiƙa ko na dare ɗaya. Wasu suna fara shimfiɗa gawayi a ƙasa kafin sassaƙen, domin shi ma yana barin ruwa ya wuce. Sassaƙen kada ya fito daga katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara.

Sassaƙe yana lotsewa da shekaru. Wanda ya zuba santimita 10 kacal zai tarar ya koma rabi bayan kwanci biyu, ƙwai na birgima a kan roba.

Tsani

A nan ne kuskure yake zama kisa. Cikin kogon itace yana da kaushi, tsuntsu na kama shi da farce da baki. Cikin bututun roba kuwa sumul yake. Duk abin da ya shiga babu tsani, ko kokatu ko wani tsuntsu ko ƙadangare, ba zai fito ba.

Ana yin tsanin da ragar ƙarfe mai kauri wadda aka yi wa walda, wayar ba ta gaza milimita 4 ba, idanun ragar kuma milimita 30 zuwa 50. Faɗinsa kamar santimita 10 ya isa, wato ido biyu na raga mai milimita 50. Siririyar waya irin ta kejin kaji ba ta yi: bakin da ke fasa 'ya'yan banksia zai tsinka ta cikin kwana kaɗan, tsinkakkun bakunan su soki ƙafa ko su maƙale yatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne mafi aminci, domin sinadarin zinki da ake shafa wa wasu wayoyi guba ne ga dangin aku idan suka gaigaya suka haɗiye. Duk bakin waya da aka yanka a goge shi ko a lanƙwasa shi ya kalli bango.

Tsanin ya tashi daga bakin bututun ya sauka har faifan ƙasa, ya nutse cikin sassaƙen. Idan aka tsayar da shi daidai saman sassaƙe, ranar da sassaƙen ya lotse za a sami tazarar da ɗan tsuntsu ba zai iya kamowa ba. A ɗaure shi da noti aƙalla wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a bar ɗan sarari kaɗan tsakaninsa da bango yadda farce zai zagaya waya. Sararin kada ya kai yadda ƙafa ko kan ɗan tsuntsu zai shige baya. Kan kusoshin ya kasance a ciki, tsinin da noti a waje.

Uwa da baya take sauka kogo, wutsiya a gaba, tana kama tsani da baki da ƙafa taki bayan taki. Wanda ya taɓa ganin haka zai gane dalilin da ya sa tsani mai girgiɗi yake sa ta ƙi wurin. Bayan an ɗaure, a ja shi da hannu da ƙarfi. Idan ya motsa, a ƙara ɗaurewa.

Itacen gaigaya

Kafin mace ta yi ƙwai takan shafe kwanaki tana gaigayar bakin kogo da bangonsa, ɓarɓashin na zuba ƙasa ya zama shimfiɗa. Ɗabi'a ce da ba ta bari, kuma roba ba ta gaiguwa. Shi ya sa ake rataya guntun katako a ciki, wanda aka sa shi musamman domin a cinye shi.

A sami katako mai tauri na jarrah ko marri ko wandoo, wanda ba a yi masa magani ba. Katakon da ya yi kore-kore an jiƙa shi ne da sinadari mai gubar arsenik, kuma zai kashe tsuntsun. Mai laushi irin na fain yana ƙarewa cikin kwanci ɗaya. Kaurinsa kada ya gaza santimita 7 a 5, idan an sami 10 a 10 ya fi daɗewa. Tsawonsa ya kama daga baki har kusa da sassaƙe, kansa ya ɗan leƙo sama da bakin bututun. Wannan leƙowar tana da amfani biyu: tsuntsu na sauka a kai kafin ya shiga, mai duba kuma yana hango sabuwar gaigaya daga ƙasa ba tare da ya hau ba.

Hanyar ɗaure shi mafi sauƙi ita ce a kafa masa ƙugiyar ƙarfe mai kauri a baya, a rataya a bakin bututun, a riƙe da noti ɗaya. Ranar canji sai a kwance notin a zare tsohon a saƙala sabo. A kula da inda kusar take a jikin katakon. Idan tsuntsu ya cinye itacen da ke kewaye da ita, sauran gungumen zai iya suɓucewa ya faɗa kan ƙwai ko ɗa, don haka a kafa ƙugiyar a jikinsa wuri biyu, a kuma canja shi tun bai kai haka ba. Katako ɗaya ya isa a bututu mai santimita 37 da rabi. Biyu suna cinye wurin juyawa.

Zaɓen bishiya da ratayawa

A nemi rayayyiyar bishiya mai lafiya, gangar jikinta ta kai faɗin da za ta ɗauki nauyin, kuma tana da rassa a sama masu ba da inuwa. Wadda take da kogon itace mai aiki a ƙyale ta. Ostireliya tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka rana ta arewa take bi, zafin la'asar kuma daga yamma yake dukan abu. A rataya kogon ta gefen kudu ko gabas na gangar, yadda jikin bishiyar zai tare masa rana daga azahar zuwa yamma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Janairun 2010 zafi ya kashe Carnaby fiye da 100 a rana ɗaya a yankin garin Hopetoun da ke gaɓar tekun kudu, manya ma ke nan da suke iya tashi su nemi inuwa. Ɗan da ke ƙasan baƙin bututu a Disamba ba shi da inda zai gudu.

Tsayi daga ƙasa kada ya gaza mita 4. A gonar da ke da mai ita a kusa, mita 4 zuwa 6 ya wadatar kuma yana sauƙaƙa dubawa. A wurin da jama'a ke wucewa a ƙara sama, a kuma kauce wa inda ake hangowa daga titi, domin har yanzu akwai masu satar ƙwai da 'ya'ya su sayar. Kusa da babbar hanya ma haɗari ne ta wata fuskar: waɗannan tsuntsaye suna da nauyin tashi, mota na yawan buge su idan suka sauka cin hatsin da ya zube ko shan ruwa a gefen kwalta.

Kogon ya tsaya a miƙe ko ya ɗan karkata kaɗan, tsanin yana gefen da ya jingina. Bakin ya zama babu reshen da ya tare shi, amma a sami reshe a kusa inda namiji zai sauka ya kira matarsa. Ana ɗaurewa da sarƙa mai kauri a sama, wadda aka kafa a jikin bututun da noti sannan aka kafa a bishiya da manyan kusoshi masu zare, a ƙara wani ɗaurin a ƙasa domin hana lilo idan iska ta taso. Kada a naɗe gangar da sarƙa ko waya a ɗaure tamau. Bishiya na ƙara kauri kowace shekara, abin da aka naɗa zai nutse cikin ɓawo ya shaƙe ta, ko shi ya tsinke. A bar 'yan zobban sarƙa a sake domin a riƙa sassautawa. Inda babu bishiyar da ta dace ana kafa dogon turken ƙarfe, sai dai a sa shi inda inuwar wasu bishiyoyi za ta same shi.

Bututu irin wannan da tsani da katako ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kan tsanin hawa. A yi amfani da motar da ke ɗaga ma'aikaci sama, ko ƙwararren mai hawan bishiya da igiya da bel ɗin tsaro, kowa da hular kwano, kuma kada wani ya tsaya a ƙarƙashi. A fara ɗaga bututun babu sassaƙe, sai an gama ɗaurewa a zuba. Idan filin ba na mai aikin ba ne, sai da izinin mai gona ko ƙaramar hukuma ko DBCA. A wanke taya da takalma kafin shiga daji da bayan fitowa, domin cutar ruɓewar saiwa ta Phytophthora a cikin laka take tafiya, kuma banksia, abincin tsuntsun, na cikin itatuwan da ta fi kashewa.

Lokacin aikin shi ne daga Fabrairu zuwa Mayu, kafin tsuntsayen su dawo neman kogo.

Masu ƙwace da masu ɓarna

Ƙudan zumar Turai da suka bazu a daji su ne manyan masu ƙwace koguna. Idan suka kafa saƙa, a kira mai sana'ar zuma ko mai lasisin kashe ƙwari, a kankare kakin gaba ɗaya, domin ƙanshinsa na jawo wani taron. Tsuntsayen gala da korela, su ma dangin aku, suna shiga su fasa ƙwai su zauna. Agwagwar daji takan riga kokatu shiga ta cika ƙasan da ƙwai da gashi, mujiya ma takan zauna. Waɗannan duk tsuntsayen ƙasar ne da doka ta kare, ba a taɓa su sai da izini. Abin da ake yi shi ne a jira su gama, a kwashe ragowar ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba, a sabunta sassaƙe.

Masu hawowa daga ƙasa, kamar kyanwar da ta koma daji da fosam mai gashin wutsiya, wata dabba mai hawan bishiya da dare, ana tare su da fallen kwano da aka naɗa a gangar bishiya, tsayinsa kamar mita ɗaya, sumul yadda farce ba zai kama ba. Sai an haɗa da datse rassan da suka taɓa na maƙwabciyar bishiya, in ba haka ba fosam ta sama zai tsallako. A tsibirin Kangaroo da ke Kudancin Ostireliya wannan dabara ce ta ceci wani nau'in baƙin kokatu mai sheƙi, wanda 'ya'yan itacen sheoak kaɗai yake ci kuma ƙwai ɗaya tak yake yi. A 1995 guda 158 aka ƙirga. Da aka shiga naɗa kwano, ana rataya kogunan roba, ana dasa sheoak, sai adadin ya yi ta hawa, har ƙidayar da aka yi bayan gobarar 2019 zuwa 2020, wadda ta cinye kusan rabin tsibirin, ta sami aƙalla 454. Kogunan can sun fi na Carnaby ƙanƙanta kuma ƙirarsu daban ce, don haka kada a ɗauki awon wani nau'i a kai wa wani.

Dubawa da gyara

Carnaby yana yin ƙwai daga ƙarshen Yuli zuwa wajen Oktoba ko Nuwamba. Yawanci biyu ne, da tazarar kamar mako guda a tsakani, kwanci kuma kwana 28 zuwa 29. Galibi ɗa ɗaya ne ke rayuwa, kuma wannan ba laifin kogon ba ne. A wannan lokaci daga nesa ake dubawa, da madubin hangen nesa, da sassafe ko gab da faɗuwar rana. Alamun su ne sabuwar gaigaya mai haske a kan katako, ɓarɓashi a gindin bishiya, namiji shi kaɗai yana zuwa yana kira, mace ta leƙo ta fita ya ciyar da ita ta koma. Ana bambanta su da baki: na namiji baƙi-baƙi ne da zoben ido ruwan hoda, na mace fari-fari kamar ƙashi, tabon kuncinta kuma ya fi girma da haske. Daga baya ana jin kukan roƙon abinci na ɗan daga ciki.

Leƙawa da kyamara a kan doguwar sanda, ko hawa, ko taɓa ɗa, duk suna buƙatar izini a ƙarƙashin dokar kare namun daji ta jihar ta 2016, kuma aikin masu horo ne. Macen da aka firgita a farkon kwanci tana iya barin ƙwan, hankaka kuma na lura da inda mutane ke yawan tsayawa.

Bayan an tabbatar ɗan ya tashi, kowace shekara a hau a bi kogon daga sama zuwa ƙasa. A duba sarƙa da kusoshi ko sun yi tsatsa ko ɓawo ya fara haɗiye su. A girgiza tsani. A auna zurfin sassaƙe, a kwashe wanda ya dunƙule da kashi, a ƙara sabo ya koma santimita 20. A zura waya a kowane ramin ruwa daga ƙasa. Katakon gaigaya idan ya kai rabi a canja shi, a wurin da ake kwanci duk shekara hakan na iya zama bayan shekara biyu ko uku. A duba faifan ƙasa ko ya tsage, musamman bayan gobara ta wuce kusa, domin roba na narkewa ta lanƙwashe.

Kogo na iya yin shekara biyu ko uku babu wanda ya shiga, musamman da yake mace ba ta fara ƙwai sai ta kai shekara uku zuwa huɗu. Idan ya wuce shekara biyar babu ko alamar gaigaya alhali ana kwanci a kusa, a sake duba inuwa da tsayi da reshen da ya tare baki, in ya kama a mayar da shi wata bishiyar. Kowane kogo a ba shi lamba a rubuce a ƙasansa yadda za a karanta daga ƙasa, a ajiye wurinsa na GPS da ranar kafawa da abin da aka gani a kowane zuwa, a aika wa DBCA ko BirdLife Australia. Tun ranar kafawa a rubuta wanda gyaran yake wuyansa da inda kuɗin zai fito na shekara 20 ko fiye, a kuma sanar da sabon mai gona idan filin ya canja hannu. Kogon da aka san ba za a iya ci gaba da kula da shi ba, a sauke shi a lokacin rani kafin tsani ko ƙasansa ya lalace da tsuntsu a ciki.